Lasifikar Mu'tasim da Kaskon Keturah

Akwai wata mata a Damilu, cikin Jimeta, sunanta Keturah. Da ƙafarta ta taho daga Michika, shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga garinsu. Gida ya tafi, gona ta tafi, miji har yau babu labari. Abin da ta samu a Jimeta shi ne inuwar wani dogonyaro, inda ta kafa kaskon ƙosai.

Daf da inuwar akwai shagon gem na wani saurayi, Mu'tasim. Tsofaffin kwamfutoci ne a ciki, kuma wasa ɗaya samari suke rububi, wani tsohon wasan harbi da ya girmi masu buga shi. An jefa soja shi kaɗai a wata duniyar can bayan wata, dodanni sun cika wurin. Ba ka ganin fuskarsa. Bakin bindiga kawai kake gani a gabanka, kamar kai ke riƙe da ita.

To, wasa ba laifi ba ne. Laifin shi ne Mu'tasim ya ɗauko ƙatuwar lasifikar biki ya girke a bakin ƙofa, wai talla. A garin da bam bai daɗe da tashi a kasuwa ba! Ku gaya mini, wannan wayo ne ko rashin hankali?

Duk harbin da aka yi a ciki, sai Keturah ta zabura. Ranar da tafasasshen mai ya fallatsar mata a hannu, ta shiga shagon.

Ta ce, "Ɗana, don Allah ka rage ƙarar nan. Tana mayar da ni inda ba na son komawa."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Madam, nan wurin sana'a ne. In kunnenki ba zai ɗauka ba, Jimeta da faɗi. Ai ku kun saba gudu."

Samari suka tuntsire da dariya. Keturah ta gyara ɗaurin zaninta.

"Na gudu sau ɗaya, da bindigar gaske a bayana. Ba zan sake gudu don akwati ba. Ba ni kujera in ga abin da ke hana ni sukuni."

Ta zauna. Kafin ta gane inda ake dannawa, dodo ya gama da ita. Aka yi mata ihu. Washegari da ƙullu ya ƙare ta dawo, ta biya kamar kowa. A kashe ta, ta sake farawa. A hankali ta san kukan kowace bindigar wasan, ta kuma daina zabura.

Wata rana bayan la'asar aka ɗauke wuta, Mu'tasim ya tayar da janareto. Ashe an bar lasifika a ƙure. Wasan na dawowa, sai ruwan harbi ya ɓarke a layin. Wani ya ƙwalla, "Sun shigo!"

Layi ya watse. Keke ya kife, mata suka zubar da kaya, wani tsoho ya faɗa kwata ya karye. Keturah kuwa tana juya ƙosanta, don ta san wannan bindigar, ita ce ake tsinta bayan jar ƙofa a cikin wasan.

Da mutane suka gane akwati ne ya kore su, tsoro ya koma fushi. Suka dawo da sanduna da galan ɗin fetur. Wani yana cewa, "Dama harbi yake koya wa yara!" Mu'tasim ya kulle kansa a ciki.

Keturah ta zo ta tsaya a ƙofar, cokalin suya a hannu.

Lawal, shugaban 'yan bangan unguwa, ya ce, "Adda, babbar yaya, matsa. Ba shi ne ya ci mutuncinki ba?"

"Shi ne. Amma ni na ga gari yana ci da wuta, kai ba ka gani ba. Kuna kunna shagon nan, inuwata za ta bi shi, kuma wallahi ba inda zan sake zuwa. Mai ashana ya fara da ni. Ga mai laifin can, ku ɗauke ta."

Ta nuna lasifikar. Lawal ya karɓe galan ɗin da kansa, ya sa aka cire lasifikar, ya ce jinyar tsohon tana wuyan mai shago.

Mu'tasim ya fito ya zube a gabanta. "Dada, uwata, ki yafe mini."

"Yau na zama Dada? Tashi ka ba ni hanya, ƙosaina zai ƙone."

Har yau kaskon yana nan a inuwarsa. In ƙullu ya ƙare, za ka same ta a shagon, tana ce wa Mu'tasim, "Ɗan ƙara murya mana, ba na jin dodon in ya biyo ni ta baya."

Darasi: Kada ka yi wa kowa gori da masifar da ya tsira daga gare ta, wata rana shi zai tsaya maka lokacin da kowa ya gudu. Ke kuma da aka taɓa kora, tsaya a wurinki, kada mai raini ya sake tayar da ke. Ku tura wa wasu, musamman masu bakin nan da ba birki.