Hotunan da Inna Laraba Ta Hana a Goge

Akwai wata dattijuwa a Daura mai suna Inna Laraba, mace ce mai faɗa da tsare gida. Ɗanta ɗaya namiji, Yazid, mai ɗaukar hoto ne. Ya rasu a hatsarin babur a hanyar Baure yana dawowa daga aiki. Kyamararsa ce kawai aka kawo mata lafiya, cikin jakarta.

Ta daɗe da jakar a ƙasan akwati. Daga baya ta ga ajiyar ba ta ƙara wa mamacin komai. Sai ta kira Zailani, ɗan maƙwabciyarta Murjanatu, saurayin da ke bin Yazid yana riƙe masa jaka. Ta ce ya ɗauka ya koyi sana'a, ladan ya je wa mai ita.

Sharaɗi ɗaya ta kafa masa. Hotunan da Yazid ya bari a ciki, kada a goge ko ɗaya. Ita kanta ba ta taɓa kallonsu ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Murjanatu ba ta so ba. Ta ce kayan da ya fitar da wancan bai dawo ba, ba ta son ganinsa a wuyan nata. Inna Laraba ta ce ta ɗauki amanar yaron, in wani abu ya same shi a tambaye ta.

Ana gab da Babbar Sallah, wata ranar da hantsi, sai ga Murjanatu ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu. An bugo mata waya daga wani ƙauye a ƙasar Baure. Wani dillali ya ɗauki Zailani ya yi masa hoton raguna don a tura wa masu saye a kudu. Mutanen gari suka gan shi yana zagaya garke da kyamara, alhali ba a daɗe da sace musu shanu ba. Suka ce infoma ne, mai kai wa ɓarayi rahoto. Dillalin kuwa da ya ga an taru, ya sulale.

"Inna, ke kika ce a tambaye ki," in ji Murjanatu. "To ga ni na zo tambaya."

Inna Laraba ta zura hijabi, suka nufi tasha.

Tunda Yazid ya rasu ba ta sake bin hanyar nan ba. A cikin mota ta riƙe carbi amma ta kasa ja. Kowace kwana aka sha sai ta ce ko a nan ne ya faɗi. Ta san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma, ba kowa ake jira hukuma ta zo a kansa ba. Nata ɗan Allah ne ya karɓa. Wannan kuwa ita ta saƙala masa jakar da hannunta.

Sun tarar da shi zaune a ƙasa a ƙofar gidan mai gari, an ɗaure masa hannu da igiyar dabbobi, leɓensa ya fashe. Samari sun kewaye shi da gora. Murjanatu ta zube a wurin. Shugaban 'yan sintiri, wani dogo mai suna Ɗantsoho, shi ke riƙe da kyamarar, ana ta ce masa ya fasa ta a kan dutse.

Inna Laraba ta ratsa maza ta gaida mai gari yadda ya kamata. Ta ce yaron nata ne, kyamarar kuma ta ɗanta ce da ya rasu, in duka za a yi a fara da ita.

Ɗantsoho ya ce, "Iya, ba a dukan tsofaffi a garin nan. Amma za a buɗe abin nan a gaban kowa. In muka ga garken wani a ciki ban da na yau, ki koma gida ke kaɗai."

Ita kuwa ba ta san me ke ciki ba. Yazid ya yi yawon ƙauyuka da kasuwannin dabbobi ba iyaka, wa zai tsaya ya bambance nasa da na Zailani?

Aka kwance wa yaron hannu ɗaya yana dannawa. Raguna suka wuce. Wani ɗaurin aure a Daura ya wuce, da 'yan makaranta. Sai ga shanu a wata kasuwa, taron ya ɗauki guna-guni, wani ya gyara riƙon gorarsa. Inna Laraba ta runtse ido tana salati.

Sai ta ji Ɗantsoho ya ce a tsaya.

Ya ce a koma kan hoton da ya wuce. Ya kai fuskarsa kusa. Wani tsoho ne zaune a kan tabarma da jariri a cinya, yana dariya, bayansa ga bishiyar nan da taron ke tsaye a ƙarƙashinta yanzu.

"Wannan ai Baba ne," ya ce a hankali. "Ranar sunan ɗana."

Mahaifin nasa ya rasu bayan sunan, kuma ba su da hotonsa ko ɗaya. Mai hoton da ya zo daga Daura ranar ya yi alkawarin wanko musu ya kawo, ba su sake ganinsa ba. Tun daga lokacin suke kiransa mayaudari.

Mai gari ya ce a duba abin da ke bayan wannan hoton. Zailani ya ce daga shi sai waɗanda shi da kansa ya ɗauka, shi ne na ƙarshe da marigayin ya ɗauka.

Inna Laraba ta ce, "Bai yaudare ku ba. Daga wajenku yake bai iso gida ba."

Sai a ranar ta san garin da ɗanta ya yi sallar la'asar ta ƙarshe. Ta karɓi kyamarar ta kalli hoton, karo na farko.

Gorori suka sauka. Da hankali ya dawo, aka tura aka lalubo dillalin a gidan surukinsa, ya zo yana sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Ɗantsoho da kansa ya kwance sauran igiyar, ya durƙusa ya ba Murjanatu haƙuri.

A hanyar komawa Inna Laraba ta wanke Zailani tas. Ta ce ba a shiga garin mutane a zaro kyamara kafin a gaida masu garin, Yazid bai taɓa yin haka ba. Bayan Sallah ta sa ya wanko hotunan sunan nan duka, ya kai da ƙafarsa.

Yanzu Zailani da wasu yara biyu ke karɓa-karɓa da kyamarar, har da wata yarinya Rauda mai ɗaukar bikin mata. Murjanatu ce ke tambayarsu ko sun ci abinci kafin su fita.

Darasi: Kayan mamaci a ƙasan akwati ba ya amfanar kowa. Ku ba yara masu son sana'a, amma ku haɗa musu da tarbiyya, kuma duk wanda ya ɗauki amanar ɗan wani ya tsaya a kanta ko yana jin tsoro. Kada kuma a yanke wa mutum hukunci kafin a bincika. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, ku sa iyayenmu da 'ya'yanmu da suka rigaye mu a addu'a.