Ƙarfen da Usta Mijinyawa Ya So Buɗewa

Akwai wani bakanike a Gadarif, Usta Mijinyawa, wanda duk taraktar da ta gagari mutane shi ake kai wa. Kakar wata shekara aka ɗauke shi aiki a wani babban mashuru'i kusa da Basunda, gonar riɗi da dawa mai faddan dubu, wato kusan eka dubu. Ma'aikata kusan tamanin ne a kambo, rumfunan da suke kwana, yawancinsu masu yankan riɗi da lauje.

Bayan inji, abin da ya fi cin ran Mijinyawa shi ne zancen wasu halittu a duniyoyin taurari. A rediyo ya ji masana suna cewa mai yiwuwa akwai su. Tun daga nan ba ya zama shan shayi bai tayar da maganar ba.

"Ku duba fa," yakan ce. "Shekara arba'in kacal da shigowar tarakta ƙasar nan, ga inda muka kai. To waɗanda suka riga mu da shekara miliyan fa? Injinsu ba ya shan mai, daga rana yake ɗibar ƙarfi. Ƙarfensu ba ya lalacewa. Gonar nan kafin ka gama alwala sun girbe ta. Ruwan sama ma kiransa suke yi."

Idan wani ya yi tambaya sai ya yi masa dariya. "Kai da lauje ne iyakar iliminka, ina za ka gane?"

Wata ranar Talata da hantsi, masu yanka suka isa bakin wani kwazazzabo da ruwan damina ya zaizaye. A cikin baƙar laka suka ga wani abu ya leƙo, dogo, mulmulalle, tsawonsa ya kai na mutum. Aka ruga aka kira Usta.

Mijinyawa ya durƙusa ya goge lakar da hannu. Bai ga walda ba, bai ga rubutu ba. Wani ɗan murfi ne kawai a hancinsa. Ya tuna hasken da mutane suka ce sun gani ya ratsa sama a farkon damina.

"Wannan ba aikin ɗan Adam ba ne," ya ce a hankali. "Shekara ashirin ina taɓa ƙarfe, ban taɓa ganin irinsa ba. Ku kawo sarƙa. Kambo za mu ja shi, can kayan aikina suke."

A cikin taron akwai wani dattijo mai suna Mailafiya, wanda kowace kaka yake zuwa yanka daga Mafaza. Ya matso, ya tsaya nesa kaɗan, ya daɗe yana kallo.

"Usta, ɗauke hannunka daga kansa," ya ce. "Bam ne, irin wanda jirgin yaƙi ke saki. Ya faɗo bai tashi ba, laka ta haɗiye shi."

"Ya hajj, koma bakin riɗinka."

"Ka ce ƙarfen mutanen taurari ba ya lalacewa. Duba gindinsa, ba tsatsa ba ce? Ƙanena a irin wannan ya tafi, muna sharar gona a bakin iyaka. Sau ɗaya ya buga masa gatari. A buhu muka tattara shi."

Mutane suka fara ja da baya. Mijinyawa ya ga tsatsar, amma ya ga idanun mutum tamanin a kansa, kuma wakilin gona ya tafi kasuwar Basunda, babu mai hana shi. Shi da kansa ya zura sarƙa a ƙarƙashin abin, ya ɗaura a bayan tarakta, ya hau ya tayar.

Sarƙa ta miƙe. Lakar da ke riƙe da ƙarfen ta fara tsagewa.

Sai Mailafiya ya zagayo gaban taraktar, ya ajiye laujensa, ya zauna a ƙasa tsakanin tayoyin.

"Tashi, Baba," in ji Mijinyawa.

"Ba zan tashi ba. A kambo akwai mata suna tuƙa tuwo, akwai gangunan mai. In za ka kai shi can, fara bi ta kaina."

Mijinyawa ya taka mai, injin ya yi ruri, hancin taraktar ya matsa har ya kusa taɓa rawanin tsohon. Mailafiya bai motsa ba, leɓunansa kawai ke motsi. A baya kuwa ƙarfen ya ɗan juya, ya yi wani ƙara kamar an murza ƙofa. Kowa ya ji. 

Mijinyawa ya diro a fusace, ya cafki wuyan rigar dattijon zai janye shi. Bai lura da Sakinatu ba, matar da ke dafa wa ma'aikata abinci, wadda ta kawo ruwa gona. Ta hau taraktar, ta kashe, ta zare makullin, ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

"Yayana, sai dai ka doke ni a gaban mutane ka karɓa," ta ce. Ba ta ja da baya ba.

Ya dubi ma'aikatan, duk sun zagaye ta. Ya saki rigar tsohon, ya tafi gindin bishiya ya zauna yana huci.

Aka aika mutum Basunda. Washegari sojoji suka zo. Da babbansu ya ga sarƙa a jikin abin, ya tambayi wanda ya ɗaura. Aka nuna Mijinyawa. Ya dube shi kawai, ya girgiza kai. Suka kwance sarƙar a hankali, aka janye taraktar, aka kori kowa can bayan kambo.

Da suka tayar da bam ɗin, ƙasa ta girgiza, tukwane suka kife a kan murhu. Ramin da ya bari, babbar mota za ta shige ba a gan ta ba.

Mijinyawa ya tsaya a bakin ramin yana kallo. Daga nan ya nufi inda Mailafiya ke ɗaure dammunan riɗi, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Da na kashe mu duka."

"Halas, ya wuce, Allah ya tsare," in ji Mailafiya, bai daina ɗauri ba. "Ni ban ce babu mutanen naka na taurari ba, Allah mai iko ne. Amma ka ce sun yi shekara miliyan suna ƙera abubuwa?"

"Haka masana suke hasashe."

"To lallai sun ƙera abin da ya fi wancan muni sau dubu. In har suna nan ba su hallaka kansu ba, akwai mai ce musu dakata, kuma suna dakatawa. Miƙo mini igiyar can."

Mijinyawa ya miƙa masa da hannu biyu.

Darasi: Duk nisan da ilimi da fasaha suka kai mutum, in ya rasa kunnen sauraron wanda yake gani ƙasa da shi, abin da ya sani ɗin ne zai halaka shi tare da na kusa da shi. Kada ka raina gargaɗi don mai yinsa lauje ne a hannunsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani yana gab da jan tasa sarƙar.