Likkafanin Wa Aka Sata?

Ku natsu, ba na maimaita magana.

A zamanin da, an yi wani sarki da dogarawansa suka addabi talakawa. Duk wanda suka tsana, sai su ɗora masa kaya su ce ɓarawo ne. Sarki ya sa aka yi shela: daga yau alƙali ba zai saurari ƙarar sata ba sai an ambaci mai kayan da sunansa.

Ana nan annoba ta sauka, farin yadi ya yi wuya. Wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta binne ɗanta guda ɗaya tilo, Barmo. Ba a yi sadakar bakwai ba ta ga likkafaninsa a rumfar wani falke mai suna Jibo, an wanke an ninke. Ta gane shi da ƙunar garwashi a gefe, wadda ta ɗinke da baƙin zare. Aka duba kabari, aka tarar an tone.

A fada Jibo bai yi musu ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a faɗi mai kayan. Matacce dai ba ya mallaka, tsohuwa kuma ta riga ta bayar."

Alƙali ya sunkuyar da kai. Sarki ya ce, "Waziri, dokata ce za ta saki mai tonon kabari?"

Waziri ya juya ga tsohuwa. "Inna, wa kika yi wa wannan yadin?"

"Kaina. Mace mai hankali ba ta jiran a yi mata bara ranar mutuwarta. Ni na kaɗa zaren, na kai wa masaƙi, na ajiye a ƙasan tukunya."

"To, kyauta kika ba Barmo?"

"Kyautar me? Yaron ya yi mini rashin kunya ne, ya riga ni. Da za a naɗe shi na ce, aro ne, riƙe mini, ina tafe. Masu wanka sun ji."

Aka kira masu wankan gawa, suka shaida.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, aro ba ya raba kaya da mai shi."

Alƙali ya ɗaga kai ya ce, "Mai kaya Tabawa ce." Aka yanke wa Jibo hukunci, doka kuma ta zauna daram.

Sarki ya aika mata da sabon yadi, ta mayar. Nata ta ɗauka, ta sa aka sake suturta ɗanta. Kafin damina ta faɗi aka haƙa mata kusa da shi, ta je karɓar aronta.

Nan labari ya tsaya. Ku tashi, akwai aiki.