Shekarar da Aka Rufe Makarantar Tudun Kanya

A zamanin da, a wata ƙasa da ke kan hanyar fatake, an yi wani sarki da ya gina makaranta a kowace gunduma, yana ciyar da malamansu daga baitulmali. Ana nan sai yaƙi ya ɓarke a gabas, ayari ya sake hanya. Kasuwa ta mutu, marina da masaƙa suka zauna, haraji ya daina shigowa.

Sarki ya tara fada ya ce wa Waziri Gwadabe, "Abin da ya rage ba zai riƙe rabin makarantun nan ba. Kai za ka zaɓi waɗanda za a rufe."

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, a rufe na ƙauye. 'Ya'yan manoma ai gona na jiransu."

Waziri kuwa shi ma ɗan manomi ne, a ƙauyen Tudun Kanya ya koyi riƙe alƙalami a hannun Malam Ilu. Sai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, makarantar fada ita ce ta fi kowacce ci. A fara da ita, 'ya'yan sarauta su je su zauna tabarma ɗaya da 'ya'yan talakawa."

Sarki ya gane dabarar, ya amince. Nan da nan hakimai, don kada a rufe makarantar 'ya'yansu, suka buɗe rumbunan da suka rantse babu komai a ciki. Waziri ya raba wa makarantu hatsin daidai, ya haɗa da nasa doki da alkyabba ya sayar. Duk da haka bai isa ba. Sai aka jefa ƙuri'a a bainar jama'a, har da sunan makarantar fada. Cikin waɗanda ta faɗa wa akwai Tudun Kanya.

Galadima ya raɗa wa Waziri, "Malaminka ne fa. Sauya, ba wanda zai yi magana." Waziri ya ƙi.

Da kansa ya kai saƙon. Ya tarar Malam Ilu ya rame, ya sayar da jakinsa ya sayi takarda. Waziri ya durƙusa a gabansa.

Tsohon ya ce, "Na riga na ji, Gwadabe. An yi adalci?"

"An yi, Malam."

"To, tashi. Amma ka shiga ka faɗa wa yaran, ni ba zan iya ba."

Bayan shekaru fatake suka dawo, sarki ya sa a buɗe kowace makaranta, jama'a suka yabi waziri. Ya koma Tudun Kanya da sabon malami. Malam Ilu ya rasu, ɗalibansa sun zama 'yan dako a birni. Waziri ya aika musu su dawo karatu, suka ce suna gaishe shi, amma yanzu suna da iyali.