Waƙar Yasar Rijiya

A zamanin da, a wani gari da sunansa ya kwanta mini, an yi wani sarki da zancen wata rijiya ya hana shi sakat. Ita kaɗai ce ba ta ƙafewa da rani, amma sai an yashe ta duk shekara, kuma babu mai yarda ya shiga sai ana rera masa waƙar yasa daga sama. A cikin waƙar ana kiran sunayen waɗanda rijiyar ta ci, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rage da waƙar a ka wata tsohuwar zabiya ce, Tasalla, kuma duk wanda ya zo koyo, da ya yi kuskure sai ta kore shi.

Sarki ya ce, "Waziri, in tsohuwar nan ta cika, wa zai shiga mana rijiya?"

Waziri Mijinyawa ya ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta."

Aka samo wani baƙon malami, Jatau, mutumin gabas mai nauyin harshe. Tasalla na rerawa tana harararsa, yana rubutawa. Ranar gwaji, da hantsi, ya tsaya a bakin rijiya ya rera tiryan-tiryan, bai bar ko kalma ba. Rijiya ta yi tsit. Babban masu yasa ya ajiye igiya ya ce, "Na ƙasa ba su amsa ba. Ba ma shiga."

Shirun nan Tasalla ta ji shi har cikin ƙashinta, don sunan mijinta na cikin waƙar. Duk da haka ta ce wa Sarki, "Allah ya ba ka nasara, wannan baƙon ba shi da kunne. Ba na koya masa."

Waziri ya yi wa Sarki raɗa, sa'an nan ya juyo ya ce, "Sarki ya ji. Tunda malam ba shi da kunne, ke za ki koyi karatun takardar, ki nuna mana inda alƙalami ya yi tsallake. In kin kuskure, ya kore ki yadda kike kora."

Tasalla ta zauna a tabarma gaban Jatau. Baƙaƙe suka yi mata kamar tururuwa. Tun a na farko ta kuskure, ta kai hannu ga sandarta tana jiran kora.

Jatau ya ce, "Sake, Iya."

Ta sake, ta kuskure.

"Sake, Iya."

Kwanaki suka tafi a haka. Rannan ta ce, "Kai ba ka gajiya ne?"

Ya ce, "Na gaji tun shekaranjiya. Amma in na kore ki, wa zai koya mini?"

Ta bi sunayen da yatsa, Jatau yana karanta mata, can ta ce, "Ka cusa su kamar tumaki a garke. Bayan kowane suna ana tsayawa, a bar mai sunan ya amsa."

"Tsayawar ta kai yaya, in sa alama?"

"Ba ta alamtuwa. Ta Barmo, na farko a waƙar, gajera ce, mai gaggawa ne. Ta mijina sai ka jira, ko da ransa bai taɓa amsa kira da wuri ba. Ajiye alƙalamin nan ka saurara."

Ya saurara, ya gwada, ya ɓata. Tasalla ta buɗe baki za ta kore shi, sai ta rufe. Da ƙyar ta ce, "Sake."

Kafin tsakiyar rani Jatau ya koma bakin rijiya hannu wofi. Ya kira Barmo ya tsaya, wani amo ya taso daga ƙasa. Ya kira mijin Tasalla ya jira, ya yi ta jira har mutane suka fara duban juna, sa'an nan amsa ta zo. Tsohuwa ta sunkuyar da kai. Masu yasa suka ɗauki igiya.

Sarki ya yi doka: takarda ta zauna a fada don tsaron mantuwa, koyo kuwa da kunne, kuma kada a ƙara korar mai koyo.

Da damina Tasalla ta rasu. Sarki ya sa a ƙara sunanta a waƙar, ko da yake ba rijiya ta ci ta ba. Da yasa ta kewayo, Jatau ya kira ta, bai san tsawon jiranta ba, ya yi hanzarin wucewa. Na manta wanda ya ba ni labarin, amma ya rantse mini cewa duk wanda ke wurin ya ji wata murya daga can ƙasa, a hankali, ba faɗa, ta ce, "Sake."

Jatau ya ja numfashi, ya faro daga farko.