Dangin Ɗan Ɓawo

Ga ta nan, ga ta nanki, Inna. Da kina nan sai ki ce ta zo mu ji ta, kina tsintar wake, ko ɗagowa ba za ki yi ba. To, ga ta ta zo.

Wani ƙwaro ne wai shi Ɗan Ɓawo, bai kai ƙwayar gero ba. Shi da uwarsa suna zaune a jikin ɗorawa, suna lasar gansakukar da damina ta bari a ɓawon itacen. Shi kuwa ga kwaɗayi.

Rannan aka yi rasuwa gidan Ƙwarƙwata, farce biyu suka matse maigidan. Ɗan Ɓawo ya je ya zauna kusa da akushin sadaka yana kuka.

Tsohuwar gidan ta ce, "Kai kuma ɗan wa?"

"Haba Gwaggo, dubi ƙaton kaina. Ai ni naku ne."

Aka zuba masa, ya ci, ya suɗe.

Kaza ta tsince tsohon gidan Gara. Ya je. "Haba Kawu, taɓa cikina ka ji laushi. Ai ni naku ne." Ya ci, ya suɗe.

Tsintsiya ta share matar Gizo-gizo. Ya je, ya zaro zare siriri daga bakinsa. "Haba Baffa, wa ya iya wannan in ba naku ba?" Ya ci, ya suɗe.

Ana nan, sai uwarsa ta kwanta, ba ta tashi ba.

Kafin hantsi gidaje uku sun cika gindin ɗorawa, sun yi gaisuwa, suna jiran sadaka. Ɗan Ɓawo ya duba, ba ko tsaba. Kunya ta kama shi. Sai ya kankaro gansakuka a ganye, ya ajiye tsakiyarsu.

Ya ce, "Abincinmu na gado ke nan. Dangi na jini su fara."

Ƙwarƙwata ta shinshina. "Yaro, ka taɓa shan jini?"

"A'a."

"To na Gara ne."

Gara ya ce, "Ka taɓa cin ƙyaure?"

"Lasa kawai nake yi."

"To na Gizo-gizo ne."

Gizo-gizo ya ƙirga ƙafafunsa sau biyu. "Shida. Mu takwas gare mu. Allah ya jiƙan baƙuwa."

Suka kaɗe riguna suka watse. Ɗan Ɓawo ya fara dariya, ya tsira bai ciyar da kowa ba. Ya waiwaya ya ba uwarsa labari. Ga ta kwance, babu mai kama masa ko ƙafa ɗaya.

Shi kaɗai ya saƙa mata likkafani da zaren bakinsa, shi kaɗai ya ja ta cikin tsagin ɓawo. Har yau in ka ɗaga ɓawon itace za ka gan shi, ya kifa fukafukai a bayansa, ya ja zare ya rufe fuska.

Ƙurunƙus kan ƙwaro. Mai son cin tuwon makoki uku, ya fara ƙirga ƙafafunsa a gida.

Ban ba kowa tatsuniyar nan ba tukuna, Inna.