Kunne a Bakin Rariya

An yi wani mutum a Sabon Garin Maraɗi, ba zan faɗi sunansa ba. Na san shi. Kunnensa na hagu yana motsi shi kaɗai kamar na jaki.

Ya 'yan uwa, ji daban, laɓe daban. In magana ta same ka a hanya, ka ji ne. In kai ka bi ta, ka manna jiki da bango, ka ɗauke numfashi, sai a ce ka yi wa mutane laɓe. Shi wannan sana'arsa ke nan.

Wata rana ya kwanta bayan katangar Sha'ibu mahauci, ya sa kunne a rariya, inda ruwan wanke-wanke ke fita. Ya ji Sha'ibu na gaya wa matarsa Atika cewa ƙanensa Idirisa, wanda ya yi faɗan iyakar gona a Tibiri, yana ɓoye a Jiratawa. Bai kwana da maganar ba, ya kai wa abokan faɗan. Suka sami Idirisa a gonar tumatir, suka sassare shi da adda. A amalanke aka kawo gawar.

Ya daina? Ina! So yake ya ji wa ake zargi.

Bayan kwanakin zaman makoki ya koma rariyar. Atika na aikin ƙuli-ƙuli, ruwa na tafasa a tukunya.

"Maigida, maganar nan mu biyu muka yi ta. Wa ya kai?"

"Allah ya sani."

"To, bari in ƙona gafiyar da ke motsi cikin rariyar nan."

Kun san ba a zubar da ruwan zafi sai an gargaɗi aljannu. Ta ɗaga murya: "Bismillahi, masu wuri ku kauce!"

Ya ji sarai. Amma in ya zabura, an san wanda ya sayar da Idirisa. Sai ya lafe.

Ta sheƙa ruwan a rariyar. Ihunsa har bakin titi. Fatar fuskar ta saluɓe, kunnen nan mai motsi ya narke ya manne da wuya. Sha'ibu ya fito da wuƙar fawa, ya dube shi, ya mayar da ita kube.

Ko Atika ta san mutum ne? Ban tambaye ta ba.

Yau yana zaune kurma, mutane na maganarsa a gabansa. Wannan ruwa ne kawai, 'yan uwa. Malamai sun ce a lahira dalma ake narkawa a zuba wa mai laɓe a kunne.

Allah ya kiyaye mu, ya tsare mana kunnuwanmu.